Haƙorin da Ya Daina Ciwo

Wawulo,

Ina gaishe ki, ina gaida mijinki da yaran, da fatan kowa lafiya. Ni dai ga ni nan. Gwiwa ta ƙi, kunnen hagu ya mutu gaba ɗaya, na daman ma sai an yi ihu. Don haka kar ki ce me ya hana ni kiran waya, in na kara ta a kunne kamar ƙuda nake ji a cikin kwalba. Rubutun ma ki yi haƙuri da shi, iya abin da na kwaso ke nan a ajin manya. Direban nan maƙwabcinmu da ke kai kaya garinku shi zai miƙa miki, ki ba shi amsa ya juyo da ita.

Ba gaisuwa ce ta sa na ɗauki biro ba. Taubashinki Auta aka daka.

Kin san garejin da yake walda. Rumfa ɗaya suke rabawa da wani mai fenti, kullum cikin rigima, Auta na ƙona ƙarfe tartsatsi na tashi, shi kuma yana ihu za a babbake shi da ransa. Ranar nan tartsatsi ya faɗa kan motar da ya gama fesawa ya ɓata murfin gaba. Mai Fenti ya zagi uwar Auta, wato ni. Auta ya jefe shi da guduma bai same shi ba. Shi kuma ya shaƙo wuyan rigarsa ya zabga masa naushi a kuncin dama har ya faɗi kan tsofaffin tayoyi. Aka raba su. Ya dawo gida yana dariya, wai hannun Mai Fenti kamar na mai jego, ya ci abinci har da taune ƙashi.

Bayan 'yan kwanaki sai ga kunci ya fara tashi, daidai inda aka nausa. Yanzu fuskar ta karkace, idon dama ya ƙanƙance, baki ba ya buɗuwa sai iya shigar cokali. Jikinsa zafi rau, ga rawar ɗari. Jiya ya buga kansa da bango don azaba, ya yi jifa da kofi ya fasa madubin babansa marigayi. Namiji mai gemu yana kuka kamar akuyar da aka ɗaure.

Ina gasa masa da tsumma da ruwan zafi safe da yamma, yadda ake yi wa duka. Ƙaruwa ma yake.

Kar ki fara ce mini haƙori ne, na san halinku, kowane ciwo a wajenku haƙori ne. Da akwai wani na can ciki ta ƙasa da ya yi rami yana damunsa watannin baya, amma abokan aikinsa sun ɗiga masa ruwan batir a ramin, ya yi birgima a ƙasa wuni guda, daga nan shi ke nan ya warke. Bai sake ciwo ba. Wannan na yanzu hannun mutum ne.

Yayansa Dogo ya dawo daga dakon kasuwa ya ga fuskar, ya fita ya zauna a ƙofar gida yana matsa yatsu suna ƙara. Kin san Dogo in ya yi shiru.

Ke da aka tura ki karatun baki da haƙori, gaya mini. Naushi yana karya muƙamuƙi a ɓoye? Wane magani zan saya?

Gwaggonki

*

Gwaggo,

Na ga takardarki, na gode Allah da kike da ƙarfin zagina har yanzu. Mu duk lafiya, sai ƙaramar da ke mura. Ki riƙa ɗora ƙafar nan a kan matashi in kin zauna.

Kin tambaye ni ko naushi yana karya muƙamuƙi. E, yana karyawa, kuma wani lokacin ba a gani daga waje. Na sha ganin irinsu a wajen aiki.

Amma Gwaggo, ba na jin shi ne ya sami Auta, kuma abin da nake tsoro ya fi karaya muni. Wanda muƙamuƙinsa ya karye ba ya dawowa gida ya tauna ƙashi. Kumburinsa a ranar yake tashi, ba ya jira, kuma ba ya zuwa da zazzaɓi da rawar ɗari. Haƙorin nan da kika ce ya warke, bai warke ba, mutuwa ya yi. Ruwan batir ya ƙone jijiyarsa shi ya sa ya daina ji, amma ruɓar tana nan tana ci a ƙarƙashi har ta tara mugunya a tushe. Naushin bai wuce ya faɗo a daidai wajen ba.

Ki duba da kanki. Ki ce ya haɗa haƙoransa, in sun hau juna yadda suka saba, ƙashi lafiya yake. Ki ƙwanƙwasa haƙorin da bayan cokali a hankali ki ga yadda zai yi. Ki sunsuna bakin. Sannan ki taɓa ƙarƙashin haɓarsa. In ya yi tauri kamar katako, ko harshensa ya ɗago sama, ko yawu na zuba ya kasa haɗiyewa, to kar ki jira kowa, ki kai shi babban asibiti a sa'ar nan. Wannan mugunyar maƙogwaro take nema, tana iya toshe masa numfashi.

Ki daina gashin nan, zafi ƙara yaɗa ta yake. Kuma don Allah kar a ɗaure masa fuska da komai.

Ki gaya wa Yaya Dogo ya zauna. Ki gaya wa Auta in ya mutu a kan haƙori ɗaya bayan duk gorin da ya yi mini na wawulo, ba zan zo gaisuwa ba.

'Yarki

*

Wawulo,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya ba ƙaramar lafiya, ki daina barinta tana yawo ba riga. Gwiwa tana nan yadda take.

Amsarki ta zo. Tabarauna Auta ya taka shi a cikin birgimarsa, kuma rubutunki kamar kaza ta bi ta kan tawada, sai na ba Dogo ya karanto mini. Ya daka mini a kunne cewa Likita, wato ke, ta ce e, naushi yana karya muƙamuƙi a ɓoye, ta sha ganin irinsu. Ya ninke takardar ya sa a aljihu. Na ce iya abin da ta ce ke nan? Ya ce sauran gaisuwa ce. To na gode. Dama na faɗa.

Mun kira maɗori. Ya zo ya laluba, ya ce ƙashin ya goce. Dogo ya danne kafaɗun Auta, ni na zauna a kan ƙafafunsa, maɗori ya kama haɓar ya ja ya murɗa. Ihun da yaron nan ya yi sai da maƙwabta suka leƙo ta katanga. Ya saki fitsari a wando. Sannan aka ɗaure shi tamau da ƙyalle daga haɓa zuwa tsakar ka, aka ce kar a kwance, kar ya yi magana.

Da maɗori ya tafi Dogo ya tambaye ni ina Auta yake ajiye guntayen ƙarfensa. Na nuna masa bayan randa. Ya zaɓi bututu kamar tsawon hannu. Ban hana shi ba, mayafi ma na ɗauka na bi bayansa da wannan gwiwar.

Da rana tsaka ne, gareji cike da mutane. Mai Fenti yana tsugune yana goge ƙofar wata mota, tsumma ɗaure a hancinsa. Dogo ya ce, "Kai, wane hannu ne?" Ya ɗago ya ce, "Hannun me?" Dogo ya ce, "Bari, fuskar ma ta isa." Na ji ƙarar duk da kunnena, kamar an fasa busasshen icce. Ya kife a cikin fentinsa. Dogo ya ƙara masa a haƙarƙari, ya taka hannun. Jini da farin fenti suka gauraye suna bin kwata. Haƙoransa na gani a ƙasa, wani yaron gareji ya tsince su a murfin gwangwani, ban san me zai yi da su ba. Da mutane suka taso Dogo ya juya bututun sama, kowa ya ja baya. Na ce wa waɗanda ke kallona, ku je ku ga fuskar ɗana tukuna sannan ku kalle ni.

Dogo ya shigo gida ya tuɓe rigar ya sa wata, ya fice. Ban san inda yake ba, ban kuma tambaya ba.

Yanzu ga abin da nake so ki gaya mini. Tun da aka yi ɗorin Auta ba ya iya kwanciya, a zaune yake yana jingine da bango, wuya a miƙe. Yawu ya jiƙe ƙyallen sharkaf. Ko ruwa ba ya wucewa. Ɗakin kuma wari yake kamar ɓera ya mutu a rufi. Haka karaya take wari? Maɗori ya ce mugun jini ne ke fita.

Gwaggonki

*

Gwaggo,

Ina gaishe ki. Ba ni da lokacin dogon zance, Direba ya ce motarsa ta lalace sai an gyara zai taso, ina rubutun nan ban san yaushe zai iso gare ki ba.

Wa ya ce karaya ce? Ni? Layin farko kawai Yaya Dogo ya karanta miki! Na kira wayarsa har na gaji, a kashe take. Ta Auta ma haka.

Ki ɗauki wuƙa ki yanke ƙyallen nan yanzu. Kar ki kwantar da shi, a zaune za a ɗauke shi. Ki tare kowace mota, ki kai shi babban asibiti, ƙofar gaggawa. Kar ki tsaya layi. Ki ce musu haƙori ne ya ruɓe, kumburi ya sauka wuya, ba ya haɗiyar yawu. Haka za ki faɗa, za su gane. In maɗori ya tare ki ki ture shi.

Sai maganar Mai Fenti. Kin zauna a kan ƙafar ɗanki ana murɗa masa mugunya, kin kuma raka ɗayan ya je ya fasa bakin mutum da sunana. Za mu yi wannan maganar, amma ba yau ba.

Na nemi izini a wajen aiki sun ce sai wanda zai karɓe ni ya dawo. Ki rubuto ko layi ɗaya ne. Yana numfashi?

'Yarki

*

Wawulo,

Ina gaishe ki da mutanen gidanki. Ni lafiyata ƙalau, sai kuncina da ya ɗan tashi, zan zo kan wannan.

Yana numfashi. Ta rami a maƙogwaro, amma yana yi.

Takardarki ta biyu a asibiti ta same ni, an riga an gama komai. Da ita na jira da yanzu zaman makoki nake. Ta farkon ce ta yi aiki. Na ɗauki rigar Dogo zan wanke jinin kafin 'yan sanda su gani, sai na ji takarda a aljihu. Na ga rubutu ya cika gaba da baya, na ce wace irin gaisuwa ce haka, ke da ba ki gaida mutum da kyau ko a baki. Na je na ari tabarau wajen matar nan mai ɗinki, na zauna a bakin rijiya ina bi da yatsa, harafi harafi. Da na kai inda kika ce kar a ɗaure, sai na miƙe.

Wuƙar kicin na sa na yanke ƙyallen. Abin da na gani ba fuskar ɗana ba ce. Ba haɓa, ba wuya, duk sun haɗe sun zama abu ɗaya, ja, yana ƙyalli. Na danna, katako. Na ce haɗa haƙoranka, ya haɗa, sun hau daidai. Na cusa bayan cokali ta gefe na taɓa haƙorin nan, taɓawa kawai, ya yi zillo ya hankaɗe ni na bugu da ƙofa. Harshen ya cika bakin ya turo har bakin haƙora. Numfashinsa yana fito kamar buta a kan wuta.

Ina cikin ja masa riga sai ga maɗori ya zo duba aikinsa. Ya ce, "Iya, wa ya kwance? Kin ɓata ɗori!" Ya sunkuya zai ɗauki ƙyallen ya mayar. Kujerar tsuguno ce kusa da hannuna, ita na sauke masa a gadon baya. Ya fita da rarrafe yana cewa tsohuwar nan ta haukace. Ya bar takalminsa ƙafa ɗaya, yana nan in yana so.

Na tsaya a tsakiyar titi na buɗe hannu, wata motar ɗaukar yashi ta ci burki har taya na hayaƙi. Direban ya leƙo zai zage ni, na ce sauko ka ɗauki ɗana ko ka bi ta kaina. Ya sauko.

A asibiti wani mai rubutu a ƙofa ya ce in je in yanki kati. Na kama kwalar rigarsa na ja shi har inda Auta yake zaune a ƙasa, na ce kalli. Wata nas ta hango, ta saki abin da ke hannunta ta ƙwala kira. Likitan da ya zo yaro ne kamar sa'arki. Bai tambaye ni komai ba sai, "Wane haƙori?" Na ce na dama ta ƙasa, can ciki. Ya ce, "Wa ya murɗa masa wuya haka?" Na ce mu ne. Ya kalle ni, na kalle shi.

Bakin ba ya buɗuwa balle su sa masa bututun iska, kuma ya fara yin baƙi a leɓe. A gabana suka tsaga maƙogwaron, idonsa biyu, mutane huɗu na danne da shi, ƙafarsa na dukan gadon ƙarfe. Sun ce in fita na ƙi. Ni na haife shi, ba yau na fara ganin jininsa ba. Daga nan suka shige da shi ɗakin tiyata. An yanka ƙarƙashin haɓa, nas ta ce mugunyar da ta fito ta cika kwanon silba, har wani ɗalibi ya fita ya yi amai. Suka cire haƙorin. An nuna mini shi, baƙi, ruɓaɓɓe, bai kai ƙwayar wake ba. An kuma ɗaga mini hoton ƙashin a jikin fitila. Ko tsaga babu.

Yanzu yana kwance da roba a wuya da ƙarin ruwa a hannu. Kumburin ya fara saɓewa, ido ya buɗe.

Gado na uku daga nasa Mai Fenti ne. Shi nasa muƙamuƙin ya karye wuri biyu, an ɗinke masa baki da waya, ta tsinken roba ake ba shi madara. Hannun da yake fenti da shi an naɗe, ba su san ko zai sake riƙe wani abu ba. Duk wuni suna kwance suna kallon juna da Auta, ba mai iya magana a cikinsu.

Uwarsa ta same ni a baranda ina wanke kofi. Ta ce, "Ke ce uwar Dogo?" Na ce ni ce. Ta kwaɗa mini mari. Na ajiye kofin na tsaya ta ƙara na biyu. Da ni ce a matsayinta da ba mari zan yi ba.

'Yan sanda sun kama Dogo a tashar mota. Sun zo sun tambaye ni ko na san lokacin da ya ɗauki ƙarfen, na ce ni na nuna masa. Babbansu ya ce in koma wajen mara lafiya, za su neme ni. Ina nan, su nema.

Kin ce za mu yi magana. Ki yi. Amma ba zan jiƙa miki takarda da hawaye ba, ba su gyara bakin kowa.

Gwaggonki

*

Gwaggo,

Alhamdu lillahi. Na karanta inda kika ce yana numfashi na zauna a ƙasa a gaban marasa lafiya, sai da aka kawo mini ruwa. Sannu da kunci. Ki sa sanyi, ba zafi ba, ko sau ɗaya ki ji maganata.

Kar ki bari Auta ya bar allurar da ake masa ko da ya ce ya warke. In an cire robar wuyan ramin zai rufe da kansa, kar a sa masa komai, kar abokan garejinsa su matso kusa da shi. Ki tambayi likitan ya duba sauran haƙoran, wanda ya bar ɗaya ya kai haka ba ɗaya ne da shi ba.

Faɗan da na ce zan yi miki na fasa. Uwar Mai Fenti ta riga ni.

Amma ki gaya mini gaskiya, shi mutumin nan ba shi da 'yan'uwa maza?

'Yarki

*

Wawulo,

Ina gaishe ku duka. Kunci ya sauka. Auta ya fara cin abu mai laushi, an cire robar, muryarsa kamar ta tsohon zakara. Abin da ya fara faɗa shi ne wai a gaya miki ya fasa mutuwar, ki ajiye gaisuwarki.

Mai Fenti yana da 'yan'uwa. Tun da aka ce za a sallami Auta suke zama a kan benci a ƙofar asibiti, ba sa gaida kowa, ɗaya da jaka a cinya da ba ya ajiyewa. Sun ce Dogo yana hannun hukuma ba za su same shi ba, to akwai ƙaninsa. Sun je gareji sun ƙone injin waldarsa. Na aika wa uwarsu cewa yaron nan yana ɗaure a ɗaki lokacin da aka yi abin, ko magana ba ya iyawa, ni ce na nuna ƙarfen. Ta ce ta ji.

Ban ƙwato shi daga bakin kabari don a fasa masa kai a bakin titi ba. Nas ɗin nan za ta fitar da shi ta ƙofar da ake fitar da shara, Direba zai kwantar da shi a bayan kujera ya rufa masa tamfol. Auta ne zai miƙo miki takardar nan da hannunsa. Ki ba shi ɗaki, ki nema masa inda zai yi walda, kar ki bar shi ya juyo ko ya ce mafarkina ya yi. Likita ya ce akwai wasu haƙoran da suka fara rami ta hagu. Ki ɗora shi a kujerarki ki yi abin da ya kamata, kar ki tausaya masa don ya yi ihu.

Kar ki ce in biyo shi. Ni ce mai kai wa Dogo abinci, kuma in 'yan'uwan Mai Fenti suka zo suka tarar da gida a rufe za su bi sawun mota. Na share tsakar gida, na bar ƙofa a buɗe, na sa kujerata inda za su gan ni daga titi. Haƙoran da suka rage a bakina ba su da yawa. In su suke so, su shigo su cire.

Gwaggonki